Magarya da Dungas: bindigar akta da bindigar gaske

Yaran kan iyaka sun san sunayen bindigogin ƴan sandan Amurka da na Hong Kong tun kafin su ga ko guda da idonsu. Fim ne ya koya masu. Sai dai akwai abubuwa da dama game da bindiga waɗanda fim ba ya faɗi, kuma su ne ya fi kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci da mai iyali su sani.

Duk wanda ya zauna Magarya cikin shekarun 1990 ya san gidan bidiyo: fili kewaye da zana, benci huɗu ko biyar, tele guda bisa tebur, injin wuta yana ruri a baya, da allo a bakin ƙofa wanda aka rubuta sunan fim da alli. Da dala biyar ko dala goma yaro ke shiga. Kaset-kaset ɗin daga Kano suke zuwa cikin kayan ƴan kasuwa, tare da atamfa da batir da sabulu. Yau kaset ta ɓace, wayar salula da katin memori sun maye gurbinta, kuma finafinan Indiya da na Sin da na Amurka suna isowa an riga an fassara su da Hausa a Kano. Abin da bai sake ba shi ne sha'awar fim ɗin ƴan sanda, inda akta ke bin sawun shef-bandi har gidansa, a yi ta ɓarin wuta, ƴan kallo suna tafi.

Gundumomin nan biyu na kudancin jahar Damagaram, wato Magarya da Dungas wadda aka cire daga jikinta a 2011, sun haɗa mutum fiye da dubu 900 a ƙidayar 2012. Suna iyaka da jihohin Jigawa da Katsina na Najeriya, kuma rayuwarsu ta dogara ga hanya: hanyar Babura, hanyar Maigatari inda kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis, da ƙananan hanyoyin rairayi da babura ke bi dare da rana. Inda mutane ke tafiya da kuɗi a jiki kowane mako, maganar bindiga ta wuce hirar bakin gidan kallo.

Bindigogin da fim ya yi wa suna

Ta farko da ta yi suna ita ce libarba, wato ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa, wadda Clint Eastwood ya riƙe a fim ɗin Dirty Harry na 1971, inda ya fito a matsayin sufeton ƴan sandan birnin San Francisco. Ƙirar kamfanin Smith & Wesson ce, samfuri na 29, mai cin harsashi shida kacal. Shahararren wurin fim ɗin ma a kan lissafin harsashi ya tsaya: ɓarawo yana kwance bai sani ba ko an harba biyar ne ko shida. Kafin fim ɗin, bindigar ba ta da kasuwa sosai saboda nauyinta da ƙarfin bugunta. Bayan fim ɗin, kantuna a Amurka suka kasa wadatar da masu nema, har aka riƙa sayar da ita sama da farashinta. Ƴan kasuwa sun san sunan wannan: talla.

Ta biyu ita ce Beretta 92, ƙirar Italiya, mai cin harsashi 15. Sojan Amurka ya zaɓe ta a 1985. Bayan shekara biyu ta fito a hannun Mel Gibson cikin Lethal Weapon, a 1988 kuma a hannun Bruce Willis cikin Die Hard. Daga nan ta zama tambarin ɗan sandan fim. A Hong Kong, John Woo ya ƙara wa abin gishiri: cikin Hard Boiled na 1992, Chow Yun-fat yana gangarowa daga bene da ƙaramar bindiga a kowane hannu, yana harbi babu tsayawa. Alhali ɗan sandan Hong Kong na gaske a wancan zamani libarba mai harsashi shida yake ratayawa, kuma kowane harbi sai ya ba da bayaninsa a rubuce.

Haka abin yake a Indiya. Tun daga Zanjeer na 1973, inda Amitabh Bachchan ya fito sufeto, har zuwa Dabangg na 2010 da Singham na 2011, ɗan sandan fim shi kaɗai yake gamawa da rundunar ƴan fashi. Amma lokacin da aka kai hari birnin Mumbai a Nuwamba 2008, da yawa daga ƴan sandan da suka fara fuskantar maharan tsohuwar doguwar bindigar Ingila ce a hannunsu, irin ta yaƙin duniya, wadda ake ɗana wa da hannu bayan kowane harbi, su kuwa maharan suna riƙe da kalashi.

Wani lokaci ma fim ƙarya yake shirgawa kai tsaye. Cikin Die Hard na biyu, na 1990, akta ya yi bayanin wata bindiga Glock, wai ta tangaran ce ƙirar Jamus, wai na'urar binciken filin jirgin sama ba ta ganinta. Babu irin wannan bindiga. Glock ƙirar Ostiriya ce, marikinta na roba ne mai ƙarfi, amma bututunta da samanta ƙarfe ne, kuma na'ura tana ganinta sarai. Duk da haka mutane da yawa sun ɗauki maganar har yau.

Yadda ake harbi a gaban kamara

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a manyan finafinai, bindigogin da ake harbawa galibi na gaske ne. Andrew Niccol, wanda ya shirya Lord of War a 2005, ya bayyana cewa bindigogi 3000 da aka jera a wani wuri na fim ɗin na gaske ne ƙirar ƙasar Cek, domin sun fi na wasa arha. Bambancin yana ga harsashi.

Harsashin gaske abu huɗu ne: kwanso, da albarushi a cikinsa, da ƴar hula a gindi wadda ke tada wuta idan allurar bindiga ta buge ta, da ƙwayar dalma a baki wadda ita ce ke fita ta yi kisa. Na fim yana da ukun farko, ba shi da ƙwaya; ana matse bakin kwanson ko a toshe shi da takarda. Idan aka ja kunama sai a ji ƙara, a ga wuta da hayaƙi. Bindiga mai ɗana kanta kuwa sai an ƙuntata bututunta daga ciki, don iskar albarushi ta samu ƙarfin tura sabon harsashi. Akwai kuma wani iri mai ƙwaya amma babu albarushi, wanda ake nunawa idan kamara ta matso kusa. Ana sa ƴan ƙananan ƙarafa a cikinsa don a girgiza a ji motsi a tabbatar fanko ne. Wadda akta ke faɗuwa da ita, ko ya bugi wani da ita, ta roba ce. Jinin da ke tsartuwa daga ƙirjin ɓarawo kuwa ƴar jaka ce ta jan ruwa a ƙarƙashin riga, da ɗan abin fashewa da wani ke dannawa daga nesa.

Duk wannan yana hannun mutum guda, wanda za a iya kira sarkin bindigar fim. Shi ke ajiye makamai a kulle, shi ke ɗura su, shi ke nuna wa akta cikin bindiga kafin ya miƙa masa, shi ke karɓa da zarar an tsaida kamara. Ƙa'idar sana'ar ita ce kada harsashin gaske ya shigo wurin aiki ko guda, kuma kada a saita mutum ko da bindigar babu kome ciki.

Da duk wannan tsari, an yi asarar rayuka. A Oktoba 1984, ɗan wasan Amurka Jon-Erik Hexum ya ɗora bindiga mai harsashi maras ƙwaya a gefen kansa cikin raha, ya ja kunama. Ƙarfin iskar kaɗai ya fasa masa ƙashin kai, ya rasu bayan kwana shida. Ranar 31 ga Maris 1993, Brandon Lee, ɗan Bruce Lee wanda duk mai kallon fim ɗin karate ya sani, ya rasu yana da shekara 28 wurin ɗaukar The Crow. Wata ƙwaya ce ta maƙale cikin bututun bindiga ba wanda ya duba, da aka ɗura harsashi maras ƙwaya aka harba, sai ya turo ta waje kamar harbin gaske. Ranar 21 ga Oktoba 2021, a jihar New Mexico, harsashin gaske ya shiga cikin na wasa wurin ɗaukar fim ɗin Rust. Bindigar tana hannun Alec Baldwin ta tashi, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ta raunata darakta. A 2024 kotu ta ɗaure mai kula da makaman fim ɗin wata 18. Ƙarar da aka shigar kan Baldwin kuwa alƙali ya kore ta a Yulin shekarar saboda masu ƙara sun ɓoye wata shaida. Saboda irin wannan ne masu shirya fim da yawa suka koma ga bindigar da ba ta harbi sam, a ƙara wuta da ƙara daga baya da kwamfuta. In har masu kuɗi da ƙwararru da inshora sun kasa tsare kansu ɗari bisa ɗari, to bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Lissafin da fim ba ya yi

Bindigar da ta shafi yankin Sahel ba Beretta ba ce, kalashi ce, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera a Tarayyar Sobiyet a 1947. Gidan harsashinta yana cin 30. Idan aka danne kunama tana fitar da wajen 600 a minti, wato goma a daƙiƙa guda. Ke nan cikin daƙiƙa uku ta zama sanda. Aktan da ke harbi minti guda cur babu sauyi, da a gaske ne, sai ya ƙarar da gida 20, nauyin fiye da kilo 15, kuma bututun ya yi zafin da hannu ba ya taɓawa.

Ƙwayar kalashi tana gudun mita 700 da ɗoriya a daƙiƙa, ninki biyu na gudun sauti: tana isa ga mutum kafin ƙarar ta iso kunnensa, don haka babu maganar kaucewa irin ta fim. Tana iya tafiyar fiye da kilomita 2 kafin ta faɗi. Ƙofar mota, wadda ɗan sandan fim ke fakewa bayanta, falle ne na ƙarfe da ƙwaya ke ratsawa ta fita ta ɗaya gefen. A jikin mota, inji ne kaɗai ke iya tare ta. Balle zana, ko ƙyauren langa-langa, ko rumfar kasuwa. Wadda aka harba sama don murna ko don tarwatsa taro ita ma sai ta dawo ƙasa, kuma tana iya kisa. Ƙara kuwa tana lalata kunne: Bruce Willis da kansa ya faɗi cewa ya rasa wani kaso na jin kunnensa na hagu wurin ɗaukar Die Hard, da harsashin da ba shi da ƙwaya.

Birnin Los Angeles ya ga bambancin da idonsa. A 1995 aka fitar da Heat, fim ɗin fashin banki da musayar wuta a tsakiyar birnin. Ranar 28 ga Fabrairu 1997 wasu mutum biyu sanye da rigunan sulke suka yi fashin banki na gaske a unguwar North Hollywood. An shafe minti 44 ana harbi, an harba kusan harsashi 2000. Ƙananan bindigogin ƴan sanda, har da Beretta ɗin nan ta Lethal Weapon, sun kasa huda sulken, sai da wasu jami'ai suka je kantin makamai na kusa suka aro dogayen bindigogi. Ƴan fashin biyu sun mutu, ƴan sanda 12 da farar hula 8 suka ji rauni. Waɗannan takwas ɗin, masu wucewa da masu zuwa banki, su ne fim ba ya tsayawa a kansu. Kamara tana bin akta. Wanda ƙwaya ta samu a gefe ba a sake jin labarinsa, ba a nuna kuɗin asibiti, ba a nuna marayu.

Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce

Kada a ɗauka fim ne ya kawo bindiga ƙasar nan. Masu tarihi sun rubuta cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi wajen dubu 6 da igwa wajen 40, kuma a Damagaram ake haɗa albarushi, maƙeran birni suna zuba igwa. Da wannan ƙarfi ne daular ta shimfiɗa ikonta a kan ƙasashen kudu, har da na Sosebaki irin su Waca da Dungas. Amma bindigar tana da gida da shugaba: a fada ake ajiye ta, akwai wanda ke da alhakinta, kuma sai da umarnin sarki take fita. A Tirmini, cikin Yuli 1899, waɗannan bindigogi masu ɗuri ta baki suka gamu da na Faransawa masu saurin ɗuri da nisan zango, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta karye cikin yini guda. Abin da ya rage yau shi ne adaka da harba-ka-ruga na mafarauta, da ƙarar albarushin ƴan bindigar sarki ranar hawan salla.

Ɗan ƙasa ma ya ja kunne kan abin da fim ke yi wa matasa. A 1966 Moustapha Alassane ya shirya Le Retour d'un aventurier: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna da takalma da bindigogin kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sake sunaye, suka hau dawaki, suka shiga sata da faɗa, suka hana ƙauye sakat, har wasa ya kai ga zubar da jini. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin ƴan wasan. Bayan shekara 55, a 2021, Aïcha Macky ta fitar da fim ɗin gaskiya mai suna Zinder, a kan ƙungiyoyin matasan unguwar Kara-Kara da ake kira fale, masu ɗaga ƙarfe da safarar man fetur daga kan iyaka. Abin da fim ɗinta ya nuna shi ne rashin aiki da rashin karatu da wariya su ne tushen. Hotunan waje suna ba da suna da salo ne kawai. Wannan ya kamata a riƙe, don kada a ɗora wa allo laifin da ba nasa kaɗai ba.

Doka, da abin da ya rage wa jama'a

A Nijar farar hula ba ya riƙe bindiga sai da takardar izini daga hukuma, makamin yaƙi irin kalashi kuwa na jami'an tsaro ne kaɗai. A 1994, lokacin tawayen arewa, gwamnati ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙona makamai fiye da 1000 a Agadas, a bikin Wutar Zaman Lafiya. Amma rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ta sake buɗe rumbunan makamai, a Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa, kuma a 2019 dubban mutane suka tsere daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jahar Maraɗi saboda ƴan bindiga masu satar shanu da mutane. Magarya da Dungas suna tsakanin waɗannan wutatai biyu, gabas da yamma. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A ƙetaren iyaka, hukumomi sun taɓa fim ɗin kansa. A 2021 hukumar tace finafinai ta jihar Kano ta hana finafinan da ke nuna satar mutane da shan ƙwaya da ƙwacen waya. A 2022 sufeto janar na ƴan sandan Najeriya ya yi gargaɗin gurfanar da masu fim da masu barkwanci da ke sa kakin ƴan sanda ba da izini ba. Dalilin a fili yake: kaki da bindigar roba da suka isa su ruɗi kamara sun isa su tsaida mota a daji da dare. Sai dai hani yana kama mai shirya fim na Kano ne kawai. Abin da ke cikin katin memori babu ɗan duwan da zai iya tare shi a shinge.

Saboda haka sauran aikin yana hannun jama'a. Ɗan kasuwar da aka tare a hanya kada ya tsaya gwada ko bindigar ta gaske ce, kada kuma ya tuna abin da akta ya yi. Dukiya ana sake nema. Direba da mai babur kada su ɗauki ƙunshin da ba su san cikinsa ba, domin a gaban jandarma wanda aka kama da kaya shi ne mai kaya. Wanda ya gaji bindiga, ko ya tsinta, ya bi ta hannun mai gari ko sarki ya kai ta ga hukuma, kada ya ajiye ta ƙarƙashin gado inda yara ke wasa. Mafarauci ya riƙe ƙa'idar da Brandon Lee ya rasa ransa saboda an saɓa mata: a duba bututu kafin a ɗura, kuma kada a nuna mutum da bindiga ko da wasa.

Malamin makaranta kuwa yana da darasin lissafi a shirye, wanda ba ya bukatar littafi ko kuɗi: harsashi 30, goma a daƙiƙa, daƙiƙa nawa ke nan? Yaron da ya amsa wannan tambaya da kansa, in ya koma ga wayarsa da dare ya ga akta yana harbi minti biyar bai tsaya ba, shi zai fara gaya wa abokansa cewa wasa ne. Allah ya tsare matafiya, ya zaunar da kan iyaka lafiya.